Ranar da Kaka Ta Je Yi wa Dutse Ta'aziyya

Ku bar ganin gemuna bai haɗe ba, ni ma ina da nawa "a zamaninmu". Tsofaffi sun ɗauka su kaɗai anka ba izinin faɗin kalmar nan. Abin da ya tado mini da nawa kuwa kwali ne. Ina aiki a wata butik ta salula a Goutte d'Or cikin Paris, wajen wani Alhaji ɗan Damagaram, irin butik ɗin da in mutum biyu sunka shigo sai na uku ya jira a titi. Rannan anka kawo sabon kaya, rigunan salula, na yanke kwali, sai ga fuskar zaki ta cika shi dam. Zaki da hular sarauta, zaki da tabarau, har da wani mai sigari a baki kamar ɗan tasha. Alhaji ya ce in juye su a kwandon bakin ƙofa, na ƙasa, inda ake zuba kayan araha. Ina juyewa ɗaya ta zame ta faɗi bisa titi, wani mai saurin kama jirgin metro ya taka ta ya wuce, ko waiwaye bai yi ba. Na duƙa in ɗauka, sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi kamar an kama ni da hannu cikin tukunya. Alhaji ya ce, "Kai, lafiya?" Na ce lafiya lau, baya ne ke ciwo. In ce mishi me? In ce an taka kakana?

Ba a Paris na tashi ba, a Lyon ne, can bene na sama cikin wani dogon gini wanda asansar ɗinshi, na'urar hawa bene, ke aiki ranar da ta ga dama. Baba na da shago inda yake tara tsofaffin firigo da talabijin yana turawa gida ta Kwatano. Mutum ne na sahun gaba a masallaci, irin wanda in an yi rigima shi ake kira, in za a yi tafiya wajenshi ake barin makulli. Kaka kuwa, uwar Baba, daga wani ƙauye na ƙasar Maraɗi ta zo don ta yi wa Maman wankan jego lokacin da anka haifi ƙanwata, sai zama ya miƙe. Tun ranar da ta sauka ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wanga shi na mijin da anka aje mini? Ko kaza ba ya iya riƙewa." Na ce ni ma an cuce ni, amarya anka ce mini za a kawo, sai ga kayan tarihi. Shi ke nan aure ya ɗauru. Ita ta ce mini Maigida, ni in ce mata Amarya, kuma duk gidan ba mai shiga tsakaninmu.

In na rufe ido, sautin lokacin nan nake fara ji. Turminta da ta zo da shi cikin jaka, wanda take ɗorawa bisa tawul ninki huɗu don kada Bature na ƙasa ya buga mana silin da sandar shara, amma duk da haka sai ya buga, ita kuma ta ce amshi yake yi mata. Ƙararrawar jirgin tram da asuba. Tarin da take yi kafin ta fara lazimi. Maman ta sai mata injin niƙa, ta ce furar inji ba ta da uwa ba ta da uba. Ni ne ɗan aikenta, ni ne tafintanta. Ni ke jan keken cefane zuwa kasuwa, ni ke faɗa wa likita inda ke mata ciwo, in ƙara nawa gishiri. Likita ya ce ta rage sukari, in ce mata ya ce ta riƙa ba jikanta rabonta. Ta ce, "Ƙaryarka ta hi ka tsawo, Maigida." Yau 'ya'yan ƙanwata a Bobigny, in sunka dawo lakwal, wato makaranta, kowa ya kama kusurwa da allon salula, gidan shiru kamar ofis. Ba mai zaginsu zagin so, ba wanda za su tsokana ya biyo su da muciya. Su sun ɗauka hutu ne. Ni tausayi suke ba ni.

Abu guda ne Kaka ba ta wasa da shi, ko da ni. Ba ta faɗin sunan zaki. "Manya" take cewa, ta ɗan sunkuyar da kai. Shi ne kan gidanmu, wato dabbar da zuriyarmu ba ta kashewa, ba ta ci, ba ta wulaƙantawa. Labarin, yadda take ba da shi tana tsince wake, wai kakar kakanninmu naƙuda ta kama ta cikin daji lokacin gudun yaƙi, ita kaɗai, kuraye sun ji ƙarnin jini sun fara kewaye. Sai Uwar Daji, wadda mutanen da ke yi wa yanka a gindin tsamiya, ta turo Manya. Ya zo ya kwanta a bakin kogon, bai tashi ba sai da maijego ta iya tsayawa da ƙafarta. Tun daga nan anka ƙulla zumunci. To ku duba ikon Allah, duk garuruwan Faransa sai anka kawo tsohuwar nan garin da zaki ne tambarinshi. Bisa gada zaki, bakin famfo zaki, jikin kwandon shara na gwamnati ma zaki. Tafiyar da ba ta kai ta kawo ba sai mu yini, don kowane sai ta rage sauri ta gaishe shi. Rigar ƙwallona mai zaki a ƙirji, ba a wanke ta tare da safa, ba a yar da ita ƙasa. Akwai wani cakulan mai hotonshi a leda, in na cinye sai ta karɓe ledar ta goge ta shimfiɗe ƙarƙashin katifa. Ranar da munka ɗaga katifar nan, kai ka ce banki.

Baba ba ya son zancen ko kaɗan. In ta fara sai ya ce, "Iya, wannan fa jahiliyya ce, an wuce wurin." Ita kuwa salla biyar ba ta wuce ta, ga tasbaha kullum a hannu. Sai ta ce, "Ni na ce maka Uwar Daji Allah ce? Maƙwabciya ce. Wanda ya yi wa uwarka rana, ko arne ne ka gaishe shi." Baba ya yi tsaki a ciki, don ba a yi wa uwa tsaki a waje, ya ɗau hula ya fita.

Ni ne na haɗa ta da matar dutse. Mushenmu, malamin ajinmu, ya kai mu gidan kayan tarihi na bisa tudu, inda Rumawa sunka bar tarkacensu. Ni abin da ya kai ni sanwic ɗin kyauta, amma na dawo da wata takarda mai hoto. Mace ce ta dutse zaune bisa kujera, da wata hula kamar ganuwar gari, zaki a dama zaki a hagu, sun kwanta kamar karnukan gida. Mushe ya ce uwar alloli suke ce mata, daga gabas mai nisa anka kawo ta, zakuna ke jan keken dokinta. Sunan ya shige ta nan ya fita ta can. Kaka ta ga takardar bisa tebur, ta ajiye ludayi, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ashe ita ma nan ta ƙare. Wa ke gaishe ta?" Na ce ba kowa, sai 'yan yawon buɗe ido. Ta ce, "Baƙunta ba ta da daɗi." Daga baya a Paris na ga wata ta Misira, ita kanta ma kan zaki gare ta, an jera ta cikin babban gidan tarihi mutane na ɗaukar hoto suna murguɗa baki. Ashe abin ba na ƙauyenmu ba ne kaɗai, duniya ta daɗe tana haɗa uwa da zaki. Amma lokacin ni ban san wannan ba, abin dariya kawai na samu. Na riƙa ce mata kishiyarta ta fi ta kyau, ga shi ba ta magana.

Akwai kuma na gaske, mai rai. A babban lambun garin akwai gidan dabbobi, shiga kyauta, da wani tsohon zaki wanda gashin wuyanshi ya zube kamar tsohuwar tabarma. Duk Laraba da rana, da yake ba lakwal, can muke zuwa. Ta tsaya nesa kaɗan, ta zame takalmi ko da sanyi na yanka ƙafa, ta yi 'yan maganganunta ƙasa-ƙasa. Shi kuwa ko kallo ba mu ishe shi ba. In ya yi hamma ta ce ya amsa. Ni ina gefe ina yi kamar ba tare muke ba, musamman in akwai 'yan mata.

Wata Laraba munka tarar da wurin wayam, an share, an manna takarda jikin gilashi. Karatuna ba na a zo a gani ba ne, amma wannan na gane shi tun layin farko. Na ce mata, "Amarya, wai ya tafi hutu." Ta dubi fuskata, ba takardar ba. Ta ce, "Maigida, yau ba ranar wasa ba ce." Sai na faɗa mata. Ba ta yi kuka a wurin ba. Ta maida takalminta, ta juya ɗankwalinta ciki waje, munka kamo hanya, har gida ba ta gaida zaki ko ɗaya ba.

Da magariba, ana cin tuwo, ta ce wa Baba an yi mana rashi, kuma gobe za a kai gaisuwa. A gida, in Manya ya faɗi a ƙasarku, gindin tsamiya ake zuwa a yi wa Uwar Daji ta'aziyya, don nata ne ya mutu. In ba a je ba an yanke zumunci, inuwar da ke bisa gidan ta tashi. Nan ba tsamiya, amma ga ta can bisa tudu zaune. Baba ya tsame hannu daga kwano. Ya ce, "Iya, cikin ɗaki ki yi abin da kika ga dama, ban gani ba. Amma ki je gaban Nasara ki durƙusa wa gunki? Gobe a ce uwar wane ce? Da wane ido zan shiga masallaci?" Ta ce, "Da wanda na haihe ka da shi." Abin ya hau kanshi. Ya ce, "Wallahi in kika je, sai na yanke miki biye na jirgi kin koma gida." Maman ta ce, "Alhaji!" Amma kalma ta riga ta fita, kuma kowa ya san Baba bai taɓa rantsuwa ya janye ba. Tuwon nan haka ya huce a kwano.

Da safe ina shirin lakwal ta tare ni a ƙofa, ta yi shiga cikin baƙin zanenta na saƙi. Ta ce, "Kai za ka kai ni." Na ce, "Amarya, kin ji fa abin da ya ce. Ki bari mana, in kika tafi wa zai riƙa zagina?" Ta ce gara ta koma ƙauye da zumunci a ɗaure da ta zauna bene da shi a yanke. Cikin ɗan jirgin da ke hawa tudun da igiya ta yi mini bayani: ita za ta yi gaisuwa, ni in amsa. Mai makoki ba ta magana, namiji na jinin gidan ke amsawa a madadinta, kuma mai gaisuwa ba ya tashi sai an sallame shi. Ta ce, "Ubanka ya hwaɗa maka amsar lokacin kaciya, ko?" Wai haka ake yi, uba ke raɗa wa ɗa, mace ba ta faɗin ta. Ni kaciyata a asibiti anka yi, abin da na samu kawai mota ta roba. Amma bakin nan nawa bai san "ban sani ba" ba. Na ce, "Haba, tuni." A raina na ce gaisuwa ce dai, ba ta wuce lafiya lau.

Munka shiga. Wurin shiru, sanyi, ƙafa na amsa kuwa. Ga matar can bisa wani dakali, ashe ma ba ta kai yadda na zata girma ba, hanci ya gutsure, zaki ɗaya ba kunne. Kaka ta tuɓe takalmi, ta durƙusa gwiwa biyu bisa simintin nan, ta dafa ƙasa. Ta ɗaga murya, muryar da ban taɓa jin ta da ita ba, siririya mai rawa. "Uwar Daji, mun zo da kai ƙasa. Mun ji abin da ya same ki. Na ƙofa ya kwanta. Ina haƙuri?" Ta yi shiru tana jira.

Na buɗe baki. Ba komai ciki. Ni da ke sa ɗan sanda dariya har ya manta abin da ya tsaida ni, ni da ba a taɓa kada ni a baƙar magana ba a duk kartiyenmu, unguwar gaba ɗaya. Na ce, "Lafiya lau." Ba ta motsa ba. Na ce, "Da godiya." Shiru. Na ce, "Amin, amin." Ƙarshe don ruɗewa na ce, "Mersi boku." Ba ta ɗago ba ta ce, "Ba ta jin Nasaranci. Hwaɗi abin da ubanka ya hwaɗa maka." Sai a nan na ce, "Amarya, bai faɗa mini komai ba." Na ga bayanta ya ɗan sauka, kamar an zare wani abu. Ta ce, "To mu jira." Na ce mu jira wa? Ta sake gaisuwar daga farko.

Mutane sunka fara taruwa. Wasu tsofaffin Turawa mata da miji, wani aji na yara da malamarsu tana "shhh", yaran na ƙyaƙyata cikin hannu. Mai gadi ya zo, mutumin kirki ne ma, ya duƙa yana, "Madam, ba ki da lafiya? A kira likita?" Ya juyo gare ni ya ce in ce mata ba a zama nan. Na ja hannunta, ta fizge. Gwiwoyinta da likita ya hana ta durƙuso da su na rawa ina gani. Kunya iri biyu ta haɗe mini: ta idon mutanen nan, da wata wadda ta fi ta nauyi, ta ganin tsohuwa ta taho da namijin gida ashe fanko ta ɗauko. Na so ƙasa ta tsage.

Ban ji shigowarshi ba, ƙamshin turarenshi na fara ji. Maman ce ta kira shi a shago da ta ga ɗaki ba kowa. Baba ne, da doguwar riga da hula, yana haki don ya taka matakala. Fuskar nan a murtuke. Na ce yau mun kaɗe. Mai gadi ya ce, "Mushe, tare kuke?" Baba bai dube shi ba. Ya ce, "Iya, tashi mu tafi." Ta ce, "Ba a sallame ni ba." Ya ce, "Iya, don girman Allah, mutane na kallo." Ta ce, "Ɗanka bai san amsa ba. Ban ga laihinshi ba."

Baba ya tsaya. Ya dubi yaran, ya dubi Turawan, ya dubi ƙofa. Ya dubi tafin ƙafar uwarshi, fari fat da faso, bisa simintin Nasara. Takalminshi dai bai tuɓe ba, kuma bai kalli dutsen ba ko sau ɗaya, bango ya juya wa fuska. Sai na ji murya ƙasa-ƙasa, da irin Hausar ƙauye wadda ban san yana da ita ba. "An ga ƙahwarku, an ji bakinku. Wanda ya kwanta ƙohwa bai tashi ba. Ku koma da sanyi."

Kaka ta shafa fuska da hannu biyu. Ta miƙa mishi hannu, ya ɗaga ta, sai da ya tallabe ta don ƙafafun sun sage. Ni na ɗauko takalman. A waje, bisa matakalar dutse ta Rumawa, Baba ya zauna ya cire hula yana istigfari, yana yi yana share ido da bakin riga. Ban taɓa ganin ƙeyarshi a waje ba sai ranar. Na rasa inda zan sa idona, shi ma ya rasa inda zai sa nashi. Abin da ya ce mini kawai, "Akwai wanda ya san mu a ciki?" Na ce babu. Har yau da ya tsufa ya bar shago, ni da shi ba mu taɓa tada zancen ba. In zaki ya fito a talabijin, ɗayanmu ke tashi ya shiga kicin neman ruwa.

Munka shiga ɗan jirgin gangarowa, igiya na ta ƙara. Ni zuciyata na wajen rantsuwar jiya, ina lissafin yadda ɗakinta zai koma wurin ajiye firigo. Mun kusa ƙasa Kaka ta gyara ɗankwalinta ta maida shi daidai, ta ce, "To, Alhaji, yaushe ne jirgin? In san abin da zan ɗaure."

Baba na kallon taga, duk da ba abin gani sai bangon rami. Sannan ya ce, "Gobe a dafa shinkafa ta mutum goma. Yaron nan ya kai wa mabuƙata."

Sai da na ɗan juya abin a kaina kafin na gane. Ciyar da mutum goma, kaffarar wanda ya karya rantsuwa. Na dubi Kaka, na ga bakin nan marar haƙora na motsi, ta danne dariya da ƙyar.

Ta ce, "Da nama ko ba nama?"

Ya ce, "Da nama, Iya."